Me ya sa ƙarya ke riga gaskiya isowa wayoyinmu?

A farkon watan Agustan 2014, cikin dare guda, wani saƙo ya karaɗe Najeriya: wai a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan ɗumi mai gishiri, a kuma sha, domin shi ne kariya daga cutar Ebola. Mutane suka yi ta buga wa juna waya da tsakar dare. 'Ya'yan da ke birni suna tashin iyayensu na ƙauye, iyaye suna tashin 'ya'yansu da ke makaranta. Kafin ministan lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata maganar, an riga an sha. Aƙalla mutum 2 suka rasu, an kwantar da wasu kimanin 20 a asibiti. Ita kuwa Ebolar, tun daga shigowarta Legas a watan Yuli har zuwa 20 ga Oktoba da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta ƙare a ƙasar, mutum 20 ta kama, 8 suka mutu, kuma ba ta wuce Legas da Fatakwal ba. Ko ƙafa ba ta sa a Arewa ba, amma maganar gishiri ta shiga kowane lungu.

Waɗanda suka yaɗa saƙon nan ba wawaye ba ne, ba kuma mugaye ba ne. A cikinsu akwai malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da masu digiri. Ƙauna ce ta sa suka buga wayar, tsoro kuma ya hana su tsayawa. Saƙon ya zo da dare, ya zo da wa'adi, ya ce kafin gari ya waye. Duk wanda ya tsaya minti goma ya yi tunani zai tambayi kansa yadda gishirin miya zai kashe cutar da ta gagari likitocin Laberiya da Gini da Saliyo, kuma me ya sa sai kafin asuba. To amma minti goman ne saƙon ya ƙwace.

Wannan shi ne abin da nake son mu fahimta. An saba raba matsalar gida biyu. A gefe guda ana wa'azi kan labaran ƙarya, a ɗaya gefen ana kukan waya ta hana yara karatu, ta hana manya aiki. A ganina matsala ɗaya ce. Tantance labari aiki ne na natsuwa, kuma natsuwar ce abu na farko da wayar ke ɗauke mana. Mutumin da hankalinsa ke tsalle daga bidiyo zuwa bidiyo ba zai iya auna magana ba, ko da yana da ilimin aunawar.

Mu fara da yadda kasuwar take. Facebook da TikTok da YouTube da X ba sa karɓar kuɗinka kafin ka shiga. Datar da kake saya kamfanin layinka ne ke cin ribarta. Su kuɗinsu daga talla yake fitowa, mai talla kuma yana biya ne gwargwadon yawan idanun da suka tsaya da tsawon lokacin da suka ɗauka. Saboda haka abin da waɗannan kamfanoni ke sayarwa shi ne lokacinka, kai kuma kaya ne a kasuwar, ba mai ciniki ba. Injiniyoyinsu suna da aiki guda, kada ka ajiye wayar. A shekarar 2006 wani mai tsara manhaja, Aza Raskin, ya ƙirƙiro salon shafin da ba ya ƙarewa, kana jan yatsa yana ƙara zubo maka sabo. A da sai ka kai ƙarshen shafi ka yanke shawarar danna na gaba, kuma a wannan ɗan tsayawar ce mutum ke tuna yana da abin yi. An cire ta da gangan. Shi kansa Raskin daga baya ya fito ya nuna nadamarsa a bainar jama'a.

Akwai kuma dabarar rashin tabbas. Tun a tsakiyar ƙarni na 20 masanin halayya B.F. Skinner ya nuna cewa dabbar da ake ba lada jefi-jefi, ba tare da ta san yaushe zai zo ba, ta fi naci wajen danna maɓalli a kan wadda ake ba kullum. Haka kake idan ka ɗauki waya: wani lokaci ka tarar da saƙo mai daɗi, sau da yawa ba komai, kuma rashin sanin wanne za ka tarar shi ke mayar da hannunka aljihu kowane minti biyar. Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya ta shafe shekaru tana auna tsawon lokacin da ma'aikata ke tsayawa kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta kafin su koma wani. A 2004 ta samu kimanin minti 2 da rabi. A 2012 ya sauko zuwa daƙiƙa 75. A binciken baya-bayan nan ya koma daƙiƙa 47. Turawan ofis aka auna, amma wanda ya taɓa zama a majalisa ya ga mutum shida kowa ya sunkuya kan wayarsa ya san abin bai tsaya a Amurka ba.

Daga nan ne ƙarya ke samun shiga. Tsarin lissafin da ke zaɓo maka abin da za ka gani bai san gaskiya ba, bai san ƙarya ba. Abin da ya sani kawai shi ne me ya tsayar da mutane, me ya sa suka yi sharhi, me suka tura. Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, maki ninki 5 na alamar so ta yau da kullum. Ma'ana rubutun da ya fusata mutane ya fi samun a tura shi gaban wasu. Daga baya sun rage makin, amma tushen cinikin yana nan. A 2018 kuma masu bincike uku daga jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa nazarin labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter tsakanin 2006 da 2017. Suka gano labarin ƙarya ya fi na gaskiya yiwuwar a sake tura shi da kashi 70 cikin 100, kuma gaskiya na ɗaukar lokaci kusan ninki 6 kafin ta kai ga mutum 1,500. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken shi ne ba shafukan bogi na na'ura ne suka haifar da bambancin ba, mutane ne. Ƙarya ana ƙera ta ne don ta ba da mamaki. Gaskiya kuwa yadda ta faru haka take, sau da yawa ba armashi, ga dogon bayani.

A wajenmu wannan ba maganar ɓata lokaci kaɗai ba ce, maganar rai ce. A watan Yunin 2018 an yi mummunan kashe-kashe a yankin Gashish na ƙaramar hukumar Barikin Ladi a Jihar Filato. Kisan gaskiya ne, an yi shi. Amma a daidai lokacin sai wasu hotuna masu tayar da hankali suka fara yawo a Facebook, ana cewa daga wurin aka ɗauko su. Binciken da sashen BBC Africa Eye ya fitar a watan Nuwamba na shekarar ya gano cewa hoton jaririn da ya harzuƙa mutane ya riga ya fito a Facebook watanni kafin rikicin, wani bidiyon kuma daga Kongo Barazabil yake, tun 2012. Kashegari matasa suka tare hanya suna fito da matafiya daga motoci, kuma 'yan sanda sun ce hotunan sun taimaka wajen rura wutar da ta ci mutum 11 a ranar. A lokacin Facebook na da masu amfani da shi kimanin miliyan 24 a Najeriya, amma masu tantance masa labarai na cikakken lokaci mutum 4 ne, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. Wannan giɓin harshe yana da muhimmanci ƙwarai. Abin da za a cire cikin sa'a guda in da Turanci aka rubuta shi, da Hausa sai ya kwana ya wuni. Saƙon murya a WhatsApp kuwa, wanda shi ne jaridar waɗanda ba su yi boko ba, babu ma wanda ke iya sauraronsa daga waje, domin a kulle yake tsakanin mai turawa da mai karɓa.

Sai dai bai kamata mu ɗora komai kan kamfanonin waje ba, ko mu ɗauka jita-jita da intanet aka haife ta. A 2003, kafin Facebook ya wanzu, Kano ta dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin yana hana haihuwa, ba a dawo da shi ba sai a tsakiyar 2004, kuma a tsakanin cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Me ya sa mutane suka yarda da zargin? Domin ba su manta 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau, yara 11 suka mutu, aka yi shekaru ana shari'a. Zargin rigakafin ƙarya ne, amma ciwon da ya hau kansa na gaskiya ne. Haka maganar Jibrin na Sudan. Marigayi Shugaba Buhari ya yi watanni a Landan yana jinya a 2017 ba tare da an gaya wa 'yan ƙasa abin da ke damunsa ba. Sai aka cike giɓin da tatsuniyar cewa ya mutu an kawo wani mai kama da shi, har ta kai shi da kansa ya tsaya a Folan a watan Disamban 2018 yana cewa shi ne da gaske. Duk inda hukuma ta yi gum, ko aka taɓa kama ta da ɓoye gaskiya, maƙaryaci ya samu fili. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa talaka ne kawai bai waye ba. Talaka yana da dalilin zargi. Kuskuren shi ne idan zargin hukuma ya sa mutum ya rungumi duk wanda ya zagi hukuma, ba tare da ya yi masa irin tambayoyin da yake yi wa gwamnati ba.

Ta fuskar kuɗi ma gaggawar ce dai jarin. MMM, wata harkar zuba jari ta bogi a intanet, ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun mutane a Disamban 2016, kuma hukumar inshorar ajiyar banki ta ƙasa ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Shekara tara ba ta cika ba CBEX ta maimaita wasan a Afrilun 2025. Kalamansu iri ɗaya ne kullum: yi sauri kafin a rufe, waɗanda suka shiga da wuri su ne suka ci, ga hoton alat ɗin wane. Akwai kuma wata asarar da ba a cika lissafa ta ba domin ba kuɗi aka zuba ba. A 2024 matasan Arewa da yawa, har da matan aure da magidanta, sun kwashe watanni suna ƙwanƙwasa fuskar waya a wasan Hamster Kombat da ire-irensa da sunan mainin. Da aka fashe a ƙarshen Satumba, abin da akasari suka samu bai taka kara ya karya ba. Na ji masu cewa ai ba su yi asarar komai ba tunda kyauta ne. Data fa? Cajin da ake biya a shago fa? Watannin da za su isa mutum ya koyi ɗinki ko gyaran waya ko ya sauke izu goma fa? Ban ce duk harkar kirifto damfara ce ba, akwai waɗanda suka yi karatunta suka ci moriyarta. Amma wanda ya shiga don ya ga kowa na shiga, bai san me ake haƙowa ba balle wa zai saya, lokacinsa aka saye da araha.

Yanzu ga inda abin ya fi wuya a gare mu Hausawa. Yawancin ƙaryar da ke iso mu ba daga baƙo take zuwa ba. Tana zuwa ne ta guruf ɗin 'yan uwa, ko na tsofaffin ɗalibai, ko na masallacin unguwa. Kawu ne ya turo, ko Hajiya, ko wani malami da ake girmamawa. Amanar da muka ba mutumin sai ta koma kan saƙon, alhali shi ma turo masa aka yi, bai karanta har ƙarshe ba. Sannan ga kunya: wa zai ce wa yayan mahaifinsa labarin da ya turo ƙarya ne a gaban mutum tamanin? Sai kowa ya yi shiru, shirun kuma ya zama kamar shaida. Masu ƙera irin waɗannan saƙonni, har da sojojin baka na 'yan siyasa da ake biya da kuɗin data, sun san mu sarai. Shi ya sa suke buɗewa da sallama da salati, su rufe da "don girman Allah ka tura wa wasu", wani lokaci har da Allah ya isa ga wanda ya gani bai yaɗa ba. Suna ɗaure mutum da imaninsa.

Abin takaicin shi ne addinin da ake fakewa da shi ya fi kowa tsanani a wannan babi. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a yi bincike idan fasiƙi ya zo da labari, don kada a cuci wasu mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Hadisi ingantacce ya ce ya ishi mutum zama maƙaryaci ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Malaman hadisi sun gina ilimi sukutum a kan tambaya ɗaya, wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, har Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Al'ummar da ta gaji wannan bai dace a same ta tana rubuta "kamar yadda aka turo min" a saman saƙo tana ganin ta sauke nauyi ba. Wanda ya tura ya shiga cikin jerin masu ruwaya, ko ya so ko bai so ba.

To me mutum zai yi? Hujja mafi ƙarfi da na sani ta fito daga WhatsApp kansa. A Janairun 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare 5 a lokaci guda. A Afrilun 2020, ana cikin korona, ya mayar da saƙon da aka riga aka yi ta yawo da shi zuwa wuri 1 kacal. Cikin makonni kamfanin ya ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin 100. Ba a hana kowa turawa ba, ba a wayar wa kowa da kai ba. Ɗan jinkiri kawai aka saka, sai akasarin mutane suka fasa. Idan jinkirin daƙiƙoƙi ya yi wannan aiki, mutum na iya saka wa kansa nasa. Idan saƙo ya sa ƙirjinka ya buga, ka ji fushi ko tsoro ko kwaɗayi, wannan bugun shi ne alamar ka ajiye wayar tukuna. Labarin gaskiya ba ya lalacewa don ya jira sa'a guda. Idan da gaske an kai hari a Gusau ko an yi juyin mulki a wata ƙasa, kafin la'asar za ka ji shi a BBC Hausa ko DW ko RFI ko Aminiya ko Freedom Radio, wuraren da ke da suna da adireshi, waɗanda in sun yi kuskure akwai wanda za a kama. Hoto ko bidiyo kuwa, Google Lens na nuna maka inda ya taɓa fitowa cikin ɗan lokaci. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 bidiyoyi da yawa da aka riƙa yaɗawa a kan shirin yaƙi tsofaffi ne daga wasu wurare. Akwai kuma Dubawa da Africa Check da ke wannan aiki, kuma yanzu ana samun binciken gaskiya da Hausa.

Amma duk waɗannan kayan aiki ba za su amfani wanda hankalinsa a warwatse yake ba, don haka gyaran yana farawa tun kafin labarin ya zo. Kashe ƙarar sanarwar manhajoji, ka bar ta kira kawai, domin kai ya kamata ka je wa wayar, ba ita ta kira ka ba. Kada ta zama abin da ka fara taɓawa bayan sallar asuba, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi tsabta. Fita daga guruf ɗin da ba ka ƙaruwa da shi, ko ka rufe masa baki in fitar za ta jawo magana. Ka kuma riƙa karanta abu mai tsawo kowace rana, ko shafi biyar ne na littafi, domin juriyar bin magana daga farkonta zuwa ƙarshenta da amfani ake riƙe ta, da bari take tafiya. Iyaye kuma su sani yaro ba ya jin "ajiye wayar nan" daga bakin da idon mai shi ke kan waya.

Maganar Kawu kuwa, ba a guruf ake gyara masa ba. Ka bi shi ta gefe, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Kawu, wannan saƙon na bincika, ashe hoton tsoho ne daga wata ƙasa, ga inda na gani." Ka bar masa girmansa, shi da kansa zai goge ko ya rubuta gyara, kuma gyaran da ya fito daga bakinsa ya fi naka tasiri a wajen mutum tamanin ɗin nan.

Akwai abin da ke tafe wanda zai ƙara wahalar da lamarin. Da ƙirƙirarriyar basira yanzu ana iya ɗaukar muryar mutum daga ɗan gajeren bidiyo a sa ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, kuma an riga an yi amfani da fuskokin fitattun 'yan Najeriya a tallan jarin bogi da magungunan ƙarya. A al'ummar da murya ta fi rubutu daraja, inda "na ji da kunnena" ke yanke gardama, wannan babban haɗari ne. Ranar da za a haɗa muryar wani babban malami tana zagin wata ƙungiya, ko ta wani basarake tana kiran a fito, kunne ba zai iya rabewa ba. Abin da zai rage shi ne a koma a tambaya: a ina ya faɗa, a wane karatu, wace rana, su wa ke wurin, kuma yana nan a shafinsa da aka sani? Malamai da sarakuna da gidajen rediyo ya kamata tun yanzu su sanar da mabiyansu tabbatattun wuraren da maganarsu ke fita, tun kafin zaɓen 2027 ya ƙarato.